Kafin ka zuba sidi a tagat, duba wace shimfiɗa za ta saki fim ɗinka

Wani ƙanina a Aboabo, nan Kumasi, ya dame ni da tambayar tagat ɗin wace shimfiɗa zai yi oda (tagat shi ne dunƙulen sinadarin da laser ke bugawa a injin PLD mai gina fim), toh ga amsa kowa ya gani. Dabarar ɗaya ce: ka gina siririn fim na oksaid a kan faifan kiristal na SrTiO3, amma ka fara sa wata shimfiɗa a tsakani wadda za ta narke daga baya, fim ya saki kamar ɓawon albasa ka ɗauke shi zuwa kan silikon ko roba.

Ni dai Sr3Al2O6 nake fara nuna wa mutum. Su Harold Hwang na Stanford suka fito da shi a 2016, ruwa zalla ke narkar da shi, ba asid ba komai, faifanka ma ka wanke ka sake amfani da shi. Amma fa abin da ruwa ke ci danshi ma na ci, kuma kun san Kumasi da damina, na taɓa barin tagat a kan tebur na ƴan kwanaki na dawo na tarar ya yi fari yana marmashewa kamar tsohon ƙuli-ƙuli, wallahi ranar ban ci abinci ba. Ka haɗa odarsa da akwatin busarwa mai silika jel, kar ka ɗauki mai wuta saboda dumso, wato ɗauke wutar lantarki. Sannan tazarar ƙwayoyinsa kusan 3.96 angstrom ce (ma'aunin tazarar atom), ta faifan 3.905, wannan ɗan bambancin kan sa fim ya tsage.

Ƙaninsa Sr4Al2O7 da ƴan Sin suka bayyana a 2024 ya fi saurin narkewa, tsagewa kuma ta ragu. Shi ma dai ba ya shiri da danshi.

La0.7Sr0.3MnO3 shi ba ruwansa da damina, sai dai sai ka haɗa gishirin KI da asid ɗin HCl kafin ya narke, in fim ɗinka dangin manganis ne asid zai cinye su tare. Na girafin (siririyar shimfiɗar kabon) da jami'ar MIT ta Amurka suka nuna a 2017 kuwa ka bar shi tukuna, zafi da iskar oksijin na cikin injin PLD ƙona shi suke.

Wajen ɗauka, sai ka ɗora wa fim ɗin roba ta tallafe shi: PMMA na riƙewa da kyau amma sai ka wanke da asiton kuma yana barin datti. PDMS ya fi tsabta, ka manna a hankali kar ka bar kumfar iska ko ɗaya, ka sayo da yawa don na farko da na biyu yagewa za su yi.