GIMP a kan laftof mai RAM giga 8: sharhi kan ɗakin saitinsa

Sana'ata gyaran hoto ce: hotunan biki da na suna, katin gayyata, kalandar da ake rabawa ranar ɗaurin aure, wani lokaci da banar makarantar Islamiyya idan sauka ta matso. Kwamfutar da nake aiki da ita laftof ce ta hannu mai RAM giga 8, kuma GIMP ne a kanta, wato manhajar gyaran hoto. Na fara da 2.10, yanzu ina kan 3.0 da ya fito a watan Maris na 2025. Dalilin zaɓensa a fili yake: kyauta ne. Tun 2013 Photoshop ya koma na biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, kuma duk wanda ake biyansa ladan aiki da naira ya san yadda wannan lissafi yake kaya.

Ko GIMP ya iya gyara hoto? Ya iya, babu ja. Manhajar da Spencer Kimball da Peter Mattis suka fara tun suna ɗalibai a jami'ar Berkeley a 1995 ta wuce a yi mata wannan tambaya. Abin da ya dame ni shi ne ƙorafin da nake yawan ji a bakin abokan sana'a, wai yana da nauyi, wai sai ka ja buroshi ka tsaya jiran layin ya bayyana. A ganina yawancin wannan nauyi a ɗakin saiti yake kwance, wanda ake shiga ta Edit sannan Preferences. Shafukan ciki suna da yawa, amma wanda ke riƙe da saurin aiki guda ɗaya ne, System Resources.

Kafin a taɓa komai a wurin, a fara sanin girman abin da ake ɗauka. Abokin ciniki zai turo maka hoto ka ga mega 8 ne a fayil, ka ɗauka ƙarami ne. A matse yake. Da zarar an buɗe shi, kowane ɗigo sai ya karɓi wurinsa a RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da ake ciki. Hoton kyamara mai faɗin 6000 da tsayin 4000 ɗigo miliyan 24 ke nan, kowane ɗigo yana cin bayit 4 idan an haɗa launuka uku da ma'aunin shara-shara, wato kimanin mega 96 a leya ɗaya tak (leya ita ce kowace shimfiɗa daga cikin waɗanda ake ɗorawa kan juna su haɗa hoto). Kwafi leyar don gyaran fata, ƙara wata don bango, wata don haske, ga furanni da ake jerawa a gefen hoton amarya, kan ka ankara ka haye rabin giga a hoto ɗaya. GIMP yana rubuta wannan adadi a ƙasan taga, kusa da sunan leya, amma ba kowa ke kallon wurin ba.

Saitin da ake kira Tile cache size shi ne iyakar RAM ɗin da ka yarda GIMP ya shimfiɗa hotuna a kai. Kamar teburin tela ne: yadin da ya samu wuri a kan tebur ana yanka shi nan take, wanda bai samu ba sai an riƙa kai shi sito ana ɗaukowa. Siton nan shi ne fayil ɗin wucin gadi da yake rubutawa a hadiski, kuma hadiski bai kama ƙafar RAM a sauri ba. Yadda yake zuwa, GIMP yana ɗaukar rabin RAM ɗin kwamfuta, wato giga 4 a tawa. Wannan adalci ne ga mai buɗe abubuwa da yawa lokaci guda. Ni kuwa idan na zauna aiki, burauza a rufe take, don haka na ɗaga shi zuwa giga 5, kuma bambancin ya fito sarai a aikin kalanda mai leya da yawa. Kada dai a yi zari a ba shi 7. Windows ma yana da cikinsa, idan aka matse shi sai shi ma ya fara kwashe kaya zuwa hadiski, a nan kwamfutar gaba ɗaya za ta sandare, har linzami ya daina amsawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sai ka yi ta lalube ba. Tun 2.10 akwai wata ƙaramar taga mai suna Dashboard, a ƙarƙashin Windows sannan Dockable Dialogs, da ke zana maka yadda ake cin RAM, da abin da ya malala zuwa hadiski, da wahalar da furosesa ke sha, duk kana cikin aiki. Ina maƙala ta a gefen dama, ƙarƙashin jerin leya. Idan na ga layin Swap, wato na abin da ya malala zuwa hadiski, ya fara tashi daga ƙasa, na san lokacin rufe wasu hotuna ya yi, ko na haɗe leyoyin da na gama da su. Manhaja kaɗan ce ke buɗe maka cikinta haka, kuma a nan GIMP ya ci yabo.

Wurin da ake ajiye wannan fayil na wucin gadi ma ana canza shi, a shafin Folders. Mai laftof da aka saka wa SSD, wato ma'ajiya mai sauri, kusa da tsohon hadiski mai juyawa ya tabbata a kan SSD yake, kuma akwai sarari. Kada a kai shi kan filashi.

Sai batun komawa baya, wato warware gyaran da ka yi (Undo), shi ma a System Resources. Akwatuna biyu ne, kuma yadda suke aiki tare yana ruɗar mutane. Na farko mafi ƙarancin matakan da za a adana, yana zuwa da 5. Na biyu iyakar RAM ɗin da tarihin gyara zai ci a kowane hoto, yana zuwa da kashi ɗaya cikin takwas na RAM. Na farkon ne ke da iko: matakan da ka rubuta a can za a adana su ko da sun zarce iyakar na biyu. Saboda haka wanda ya ce bari ya sa 100 don ya samu kwanciyar hankali, ya buɗe wa kansa rami. Ɗan shafa buroshi a kumatu ba ya cin komai, amma sauya girman hoto ko gyara launin leya gaba ɗaya yana adana kwafin leyar ne sukutum. Na bar na farko a 5 ɗinsa. Ƙananan matakai suna taruwa da yawa a cikin iyakar na biyu ba tare da an roƙa ba. Idan kuma aiki ya yi nisa, a tagar tarihin gyara akwai maɓallin share shi duka, RAM ta dawo.

Bana ita ce ke durƙusar da ƙananan kwamfutoci, kuma laifin na lissafi ne. An saba jin cewa aikin bugawa sai ɗigo 300 a inci, sai mutum ya buɗe banar ƙafa 8 da ƙafa 4 a haka. Wannan 28,800 sau 14,400 ke nan, sama da ɗigo miliyan 400, fiye da giga ɗaya da rabi a leya guda, tun ba a rubuta ko bismilla ba. GIMP yana yin gargaɗi idan sabon hoto zai wuce mega 128, mutane kuma su danna su wuce. A ɗigo 100 a inci, wannan banar ba ta kai mega 200 ba, kuma abin da za a rataya a bakin titi a kalle shi daga nesa, ba wanda zai ga bambanci. Ɗari ukun na katin gayyata ne da hoton da za a riƙe a hannu. Ka tambayi mai injin bugawa abin da yake so kafin ka fara.

Haka zurfin launi. GIMP yana iya aiki daga bit 8 har zuwa 32, kuma a mataki na ƙarshe wancan hoto mai mega 96 zai koma 384. Hoton da aka ɗauka da waya aka turo ta WhatsApp, an riga an matse shi an zubar da abin da aka zubar. Ɗaga shi zuwa 32 ba zai dawo da komai ba sai nauyi.

Akwai akwatin adadin zaren furosesa, wato yawan ayyukan da za ta yi wa GIMP lokaci guda, wanda yake cika da kansa gwargwadon abin da kwamfutar ke da shi. Galibi a bar shi. Amma a bazara, lokacin da shago ke zama tanda, fankar laftof tana ihu, furosesa kan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. A irin wannan rana nakan rage zaren, in ɗaga bayan laftof ɗin don iska ta shiga, aikin ya tafi a hankali amma ba tsayawa. Kuma idan an ɗauke wuta ka koma kan batir, Windows kan rage ƙarfin furosesa don tattali. Mutum zai rantse manhaja ce ta lalace, alhali caja ce ba ta ciki.

Sabon 3.0 ya zo da abin da aka daɗe ana jira: tace-tacen hoto irin su dusasawa da gyaran launi yanzu suna zama a kan leya a raye, kana iya dawowa gobe ka rage ko ka cire. Daɗi ne idan uwar amarya ta ce hasken ya yi yawa bayan an gama. Sai dai kowanne da ka bari a raye, sai an sake lissafa shi duk lokacin da ka taɓa leyar. A kwamfuta irin tawa, idan suka taru a kan babban hoto, buroshi yakan fara jan ƙafa. Wanda na gamsu da shi, ina danna Merge filter ya narke cikin leyar.

Sauran shafukan na ado ne da sabo. Na zaɓi launin toka maimakon baƙi domin ido ya fi auna hasken hoto a kansa. Na kashe tara kayan aiki rukuni-rukuni da aka shigo da shi a 2.10.18, domin na fi son in ga kowane a fili. Gajerun maɓallai duk ana sauya su, wanda hannunsa ya saba da wata manhaja zai iya mayar da su yadda ya sani. Duk waɗannan suna cikin jakar GIMP da ke AppData. Kwafe ta a filashi, ranar da aka yi wa kwamfuta sabon Windows ka mayar. Ga masu rubuta katin Hausa: ba kowane salon rubutu ke da ƙ da ɗ da ɓ ba, idan babu sai a aro daga wani salon, harafin ya fito bare a tsakiyar suna. A duba kafin a kai bugawa. Wanda allon rubutunsa ba shi da su, Ctrl da Shift da U sannan 199 yana ba da ƙ, 257 ɗ, 253 ɓ.

Inda ya gaza, ya gaza. Babu adana aiki da kansa lokaci-lokaci, ka bincike Preferences daga sama har ƙasa ba za ka samu ba. A ƙasar da wuta ke tafiya ba sallama, ga batiran laftof na hannu da ba su da amana, wannan babban giɓi ne, maganinsa kawai yatsa ya saba da Ctrl da S. Ba ya buɗe hoton RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara, shi kaɗai, sai an haɗa shi da manhajar darktable ko RawTherapee. Kuma har yanzu ba a yin gyara kai tsaye a launin CMYK na maɗaba'a, ko da yake 3.0 yana iya fitar da fayil a haka. Mai aikin mujalla ko kwalin kaya, inda launin tambari ba ya karɓar kuskure, zai ji wannan a jikinsa. Mai hoton biki da kati da bana, wanda kwamfutarsa ba ta wuce tawa ba, zai ci abinci da shi lafiya, in dai ya gyara Tile cache, ya bar matakan komawa baya a inda suke, ya kuma daina buɗe bana a 300.