Keken Gwanjo Mai Kwando da Ɗaliban Je-ka-ka-dawo

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin A Daidaita Sahu ya zama nauyin da magidanta da yawa a Kano ba sa iya ɗauka kullum, musamman wanda yake da yara uku ko huɗu a makarantun je-ka-ka-dawo. A makarantar da nake koyarwa, kekunan da ake jinginewa a gindin darbejiya sun ƙaru sosai, kuma mafi yawansu irin na gwanjo ne mai kwando da ake shigowa da shi daga Japan.

Keken ya cancanci yabo. Ba shi da sandar tsakiya irin ta Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka hau, don haka yaro ɗan aji ɗaya yana iya hawa da sauka ba tare da ya nemi dakali ba. Kwandon gaba yana ɗaukar jakar littattafai da gorar ruwa, murfin sarƙa yana hana baƙin mai ɓata farin wando, sannan akwai makulli a jikin tayar baya da fitilar da juyawar taya ke kunnawa, wadda take da amfani ga mai dawowa daga Islamiyyar dare. An ƙera shi ne domin titin kwalta, saboda haka yana wahala a yashi da ramukan lungu idan damina ta sauka. Birkin bayansa yakan yi ƙara idan ya tsufa, mai giya uku a cikin cibiyar taya kuwa ba kowane mai gyara ne yake iya kwance shi ba. Shawarata ita ce a sayi marar giya, a tafi da mai gyaran unguwa ya duba boris da gargare, a kuma tabbatar ana samun tayarsa a kasuwa kafin a biya.

Sai dai ingancin keke ba shi ne yake ɗora yaro a sirdi ba. Halin gidansu ne. Ɗan lebura ko maraya da mahaifiyarsa ke sayar da ƙosai ba ya cikin wannan lissafi, domin kuɗin keken a dunƙule ake biyansa, shi kuwa gidansu na yau ake nema. Ƙafa yake takawa, ya iso a gajiye, wani lokaci ya sha bulalar makara. Ɗan attajiri kuma a mota ake sauke shi. Masu keken su ne 'ya'yan ƙananan ma'aikata, teloli da masu shaguna, kuma na lura cewa inda uba ya taɓa hawan keke, yaron yakan iya yin faci da ɗaure birki da kansa, keken ya daɗe a hannunsa. Akwai kuma gidan da yake da halin saye amma yana ganin keke zubar da girma ne, ko yana tsoron manyan titunan Kano irin su titin Zariya da titin Katsina, wanda tsoro ne mai hujja tunda babu hanyar da aka keɓe wa masu keke.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan mata. Wannan keke, da murfin sarƙarsa da rashin sandarsa, ya fi kowane iri dacewa da mai hijabi da dogon wando, amma a gidaje da dama yayanta ne ko ƙanenta za a saya wa, ita kuma ta jira kuɗin mota, ranar da babu ta zauna a gida. Iyayen da suke da 'ya mace a makaranta mai nisa su duba shi da kyau, su haɗa ta da maƙwabtan da za su riƙa tafiya tare ta cikin unguwa.