Wata goma ƙanena a hannun kocin da bai damu da tafi ba

Ni na kai ƙanena wurin koyon damben nan, ni nake biyan kuɗin wata, don haka ina da bakin magana. Wata goma ke nan yana zuwa, sau huɗu a mako.

Wurin kansa babu wani ƙyale-ƙyale. Fage ɗaya, dogon madubi, buhunan naushi shida, biyu an ɗaure su da salatif saboda sun fashe. Safar hannun aro da suke bayarwa kuwa, warin guminta kaɗai ya isa ya kai mutum ƙasa. Ka je da taka tun ranar farko.

Kocin ne abin magana. Ƙanena zuciya gare shi, in ka ba shi ɗaya sai ya rama ko da zai sha biyar a hanya, kuma gaskiya abin da ke sa ni son kallonsa ke nan. Mako shida cur mutumin nan bai bari ya naushi kowa ba. Taku, tsallen igiya, ɓoye haɓa, mayar da hannu kunci bayan kowane naushi. Yana da wata 'yar sanda ta soso, da hannun yaron ya sauka sai ka ji tas a kunne. Ba ya tsawa, sandar ce ke magana.

Da na gaji na same shi. Na ce, "Koci, dambe fa na kawo shi, ba rawa ba. Wa zai biya kuɗi ya kalli wannan?" Ko ɗago kai bai yi ba, yana naɗe wa wani yaro hannu, ya ce, "Malam, cikin masu tafin nan wa zai raka shi asibiti?"

Sai ya kawo min Anthony Joshua. A Yunin 2019, a New York, ya kayar da Andy Ruiz a turmi na uku, ya yi gaggawar gamawa da shi, kafin turmin ya ƙare shi ma ya faɗi sau biyu, aka tsayar da wasan a na bakwai. A Disamba suka sake haɗuwa a Saudiyya. Joshua ya yi ta tsikarinsa daga nesa yana zagaye fage har turmi 12, ya karɓo kambunsa da maki. Wasu 'yan kallo sun yi tsaki, amma da kambu ya koma gida.

Ni ma ban zo hannu rabbana ba. Na ce to Guillermo Rigondeaux fa? Zinare biyu a Olamfik, 2000 da 2004, ya doke Nonito Donaire a 2013, amma saboda salonsa na kare kai gidajen talabijin suka riƙa ja baya da shi. Ga Arturo Gatti da Micky Ward, karawa uku tsakanin 2002 da 2003, babu kambun duniya a kan ko ɗaya, har yau ana nemansu a YouTube. Ɗan dambe da 'yan kallo yake ci. Ya yi murmushi kawai, ya ce in je in tambayi Ward yadda kansa yake yanzu.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne karawar ƙanena ta uku. Wasan masu tasowa turmi uku ne kacal, ba 12 ba. Abokin karawar ya yi ta kutsowa yana jefa hannu, rabi a iska, rabi a kafaɗa. Namu yana gocewa tsaf, kocin yana ta "jira shi, jira shi". Aka jira har ƙararrawa ta kaɗa. Fuskar ƙanena ko ƙwarzane babu, amma alƙalai suka ɗaga hannun wancan, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda bai kai naushi ba, me za a rubuta masa? Ranar ba a ƙayatar ba, ba a kuma ci ba. An yi ba wan ba ƙanin.

Ban ji kocin ya ce ya yi kuskure ba, ba irin mutanen nan ba ne. Sai dai ranar Litinin na tarar ya sauya tsari: daƙiƙa talatin na ƙarshen kowane turmi, sai ya buga sandar a igiya, yaron ya saki hannu ba tsayawa. Da wannan ya ci karawa ta huɗu, kuma a karon farko na ji mutanen da ba su san mu ba suna ihu.

In kana son a riƙa yaɗa bidiyon ɗanka cikin wata biyu, nemi wani wuri, nan za ka ƙosa. Ni dai na sake biyan wata uku. Uku ya ci, ɗaya ya faɗi, hancinsa yana nan yadda aka haife shi, mahaifiyarmu ma ta daina kirana duk daren wasa. Safar aron ce har yanzu ba su wanke ba.