WhatsApp ko Seesaw: Ina Malami Zai Ajiye Aikin Ɗalibai?

WhatsApp na cikin wayar yawancin iyaye, ba sai an koya musu ba. Malami ya ɗauki hoton rubutun yaro, ya haɗa da saƙon murya, ko uwar da ba ta yi boko ba za ta gane. Matsalarsa tana da girma: a rukunin aji kowa na ganin aikin ɗan kowa, sai yaron da ke baya ya zama abin magana a unguwa. Kuma gaisuwa da sanarwar biki kan binne hotunan, bayan zango ɗaya nemo aikin farko ya zama wahala.

A Seesaw, manhajar ajiye aikin ɗalibai, kowane yaro da kundinsa. Ana ba iyaye lambar QR ta ɗansu, wato alamar da ake haskawa da kyamarar waya don shiga, aikinsa kaɗai za su gani, kuma aikin da yaro ya ɗora sai malami ya amince kafin ya fito. Rubutun watan Oktoba da na Maris suna jere, ci gaban a bayyane. Sai dai yana buƙatar sauke manhaja ko shiga shafinsa na intanet, buɗe asusu da data mai ƙarfi.

Inda data ke wuya, a tura wa kowane uba aikin ɗansa shi kaɗai ta WhatsApp, aiki 2 a mako.