Na koyar da ɗalibaina da hirarrakin Turawan Ingila mazauna Sifen, ga abin da na gani

Semestan da ya wuce ni aka ba kwas ɗin dabarun bincike, ɓangaren da ake tattara bayani ta hanyar hira da lura ba ta lissafi ba, kuma duk wanda ya taɓa koyar da shi ya san inda gizo ke saƙar. Ɗalibi zai haddace maka ma'anar komai tsaf, amma ka miƙa masa hira mai shafi ashirin ka ce fito min da jigo, sai ya tsaya yana kallonka. Shi ya sa wannan karon na ce bari in nemo hirarraki na gaske waɗanda ƙwararru suka yi, mu zauna mu feɗe su tare a aji.

Na same su ne a UK Data Service, rumbun bayanan bincike na intanet da ke da alaƙa da ma'ajiyar bayanai ta Jami'ar Essex ta Ingila wadda aka kafa tun 1967. Rijista kyauta ce in dai don karatu ne, sai dai ka amince da sharuɗɗa, babba a ciki shi ne kar ka yi yunƙurin gano ko su wa aka yi hirar da su, kuma akwai ƙa'ida kan yadda za ka raba wa ɗalibai, a karanta ta kafin a fara firintin. Abin da na ɗauko aikin wata mai bincike ne, Karen O'Reilly, kan Turawan Birtaniya da suka koma Sifen da zama, wanda aka tattara tsakanin 2003 da 2005. Dama matar ta san wajen sosai, ta yi wata 15 a garin Fuengirola da ke gaɓar tekun Costa del Sol a kudancin Sifen a shekarun 1993 da 1994 tana zaune cikinsu tana lura da rayuwarsu.

Toh ranar farko ma kafin mu buɗe takarda aka fara musu. Na rubuta ƴan ci-rani a allo na ce ga waɗanda za mu karanta, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce "Malam ai Bature ba ya ci-rani, shi da ya tafi da fanshonsa ya sayi gida a bakin teku?" Wallahi na ji daɗin tambayar nan, don ita ce kwas ɗin gaba ɗaya. Mutum ya bar ƙasarsa ya tare a ƙasar wasu, yarensu bai iya ba ko ya iya kaɗan, abokansa ƴan ƙasarsu ne, jaridar da yake karantawa ta Turanci ce irin su Sur in English da ake bugawa a Malaga, amma shi ba ya kiran kansa baƙo ɗan ƙaura, kuma in ka tambaye shi zai ce yana ƙaunar Sifen da mutanenta har zuciya. Shin ya saje ko bai saje ba? Wa ma ke da ikon yanke hukunci, shi ko mai bincike ko maƙwabcinsa ɗan Sifen?

A nan na ga amfanin kayan. Na raba su rukuni-rukuni, kowa da hira ɗaya da biro kala uku, na ce duk inda aka taɓo sajewa da mutanen gari a ja layi. Rukuni ɗaya suka bi yare kawai, wani rukunin suka bi abota da zuwa biki, wasu kuma suka kama maganar takardu, wato yin rijista a ofishin ƙaramar hukuma wanda a can suke kira padron, da makarantar yara, da aiki. Da muka haɗa sai ga shi layi ɗaya mutum uku sun ba shi suna uku daban, aka yi ta ja-in-ja har lokacin lakca ya ƙare ba wanda ya miƙe. Shekara nawa ina bayanin cewa jigo ba a kwance yake cikin hira kamar tsakuwa a shinkafa ba, mai bincike ne ke gina shi kuma dole ya kare shi da hujja, ban taɓa ganin ya shiga kamar ranar nan ba.

Wani abin kuma, sun ga yadda ake tambaya. Sun ga inda mai hira ke yin shiru a bar mutum ya zuba, da inda ake komawa a ce me kake nufi da kaza, ba irin tamu ta karanto tambaya goma a jere kamar ana cika fom ba.

Wahala kam akwai. Turancin baki ne na mutanen Ingila, da guntayen jimloli da barkwancinsu, sai da na riƙa fassara wasu wuraren da Hausa. Sannan rubutu ne, ba ka jin murya, ba ka san inda aka yi dariya mai ɗaci ko aka sauke ajiyar zuciya ba sai in an nuna. Kuma dole ka tuna wa ɗalibai an yi hirarrakin ne kafin ƙuri'ar Brexit ta 2016, wato ta ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, lokacin ɗan Birtaniya na da ƴancin zama a Sifen yadda ya so, yanzu kuwa wanda ba shi da izinin zama kwana 90 kawai yake da su cikin kowane 180.

Zan sake amfani da su in sha Allah, amma sati uku na farko kawai. Daga nan kowa ya ɗauki wayarsa ya nemi izinin mutum ɗaya da ya baro garinsu ya yi hira da shi, ya rubuta da hannunsa, mu kawo aji mu ja wa tasa layi kamar yadda muka ja wa ta Turawan.