Sharhi: Saitin alƙalamin feshi mai araha da na koyi fentin bodin motar rimot da shi

Rashin fenti ne ya tura ni sayen saitin alƙalamin feshi, wato 'yar ƙaramar na'urar da ake riƙewa kamar biro tana fesa fenti da iskar kwampreso. Duk mai wasa da motar rimot ya san cewa bodinta ba irin robar bokiti ba ce. Polikabonet ce, wadda 'yan harkar suka fi kira Lexan, sunan da kamfanin General Electric ya ba ta bayan wani masanin kimiyyarsa, Daniel Fox, ya gano ta a 1953. Roba ce garai-garai, sirantarta ba ta cika wuce milimita ɗaya ba a ƙananan motocin tsere, tana lanƙwashewa ta dawo yadda take. Fentin gwangwani na kasuwa kuwa idan ya bushe sandarewa yake yi, shi ya sa da motar ta daki bango sai ka ga yana ɓarewa ɓawo-ɓawo. Wanda aka yi don wannan aiki shi ne irin gwangwanayen kamfanin Tamiya masu lambar PS, masu lambar TS na roba mai tauri ne. To amma gwangwanin feshi akwai matsattsen gas mai kama wuta a cikinsa, masu jigila ta jirgin sama ba sa ɗaukarsa yadda suke ɗaukar sauran kaya. Fentin ruwa na 'yar kwalba mai mililita 60 shi ke shigowa cikin kowane ƙunshi ba tare da wata rigima ba. Sai dai shi kuma ba ya fesa kansa.

Saitin da na saya ba shi da wani suna da za a riƙe. Irin waɗannan ne da masana'anta ɗaya ke ƙerawa, 'yan kasuwa goma su manna masa sitikarsu. A cikin kwalin akwai kwampreso mai tanki na lita 3, da geji, da abin saita iska haɗe da 'yar kwalbar tare ruwa, da tiyo, da alƙaluman feshi biyu, ɗaya mai baki milimita 0.3 ɗaya 0.5, sai 'yar sufana da burusan wanki. Takardar bayanin da ta zo da shi ba ta da amfanin komai.

Kwampreson shi ne abin da ya ci kuɗinsa. Yana cika tanki har matsin iska ya kai bar 4, wato kusan PSI 58, ya tsaya da kansa, idan iska ta sauka zuwa bar 3 ya sake tashi. Amfanin tankin sai wanda ya gwada mara tanki zai gane. Ƙananan da masu ado a kek da masu kwalliya ke amfani da su suna turo iska ne a guntu-guntu, bugun fistan ɗaya turi ɗaya, kuma wannan rawar tana fitowa a jikin layi idan kana son siririn zane. Ƙarfinsu ma bai kai ya tura fenti mai kauri ba. Mai tanki iskarsa a miƙe take. Ƙararsa ba ta hana hira a ɗaki, kuma wutar da yake ci ba ta da yawa, ƙaramin janareta yana ɗaukarsa. In aka ɗauke wuta kana tsakiyar aiki, abin da ke cikin tankin zai ishe ka ka ƙarasa layin da kake kai ka kuma fesa ruwa ka wanke alƙalamin, iyakarsa ke nan. Kada wani ya ce maka lita 3 za ta fente bodi. Aibinsa ɗaya da na gani shi ne zafi: idan aiki ya yi tsawo kansa yana ɗaukar zafi sosai, dole a ba shi hutu. Akwai kuma ɗan kusa a ƙarƙashin tankin da ake kwancewa a zubar da ruwan da ya taru. Takardar ba ta ambace shi ba, amma wanda ya bar shi tankinsa zai yi tsatsa daga ciki.

Alƙaluman kuwa magana biyu ce. Duka biyun masu aiki biyu ne: ka danna kunamar ƙasa iska ta fito, ka ja ta baya allura ta janye fenti ya biyo. Mai 0.5 shi ne dokin aikin. Fentin bodin rimot yana da kauri, musamman fari da ruwan azurfa, kuma bodin sikeli 1/10 (kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske) mai faɗin milimita 190 fili ne babba ga alƙalami. Da mai 0.5 a kan PSI 30 zuwa 40 aiki yana tafiya. Mai 0.3 kuwa ya fi ba ni haushi fiye da amfani. Bakinsa ɗan mitsitsi ne mai zare, da an ɗan matsa shi da sufana ya wuce ƙima sai ya karye ya bar zarensa a ciki, kuma allurarsa ba a goge ta sumul ba, fenti yana saurin maƙalewa a tsininta. Zoben robar da ke cikinsa ma ba ya jure tina, kumbura yake yi ya riƙe allura. Ina ɗauko shi ne kawai idan zan yi inuwa a gefen layi da baƙin fenti da aka tsinka sosai.

Abin da tallan saitin bai faɗa ba shi ne feshin kansa ƙaramin kaso ne na aikin. Bodin rimot daga ciki ake fente shi, robar ce ke zama gilashin da ke kare fentin, ita ce kuma ke ba shi sheƙi. Saboda haka komai a juye yake. Mai fentin mota yana fara da shimfiɗa ya ƙare da ado, kai kuwa adon za ka fara sawa, shimfiɗar ta zo a ƙarshe. Abin da ka fesa da farko shi ne ido zai fara gani, kuma babu damar rufe shi da wani daga baya. Launi mai duhu ke shiga kafin mai haske, domin in ka sa ruwan ɗorawa sannan ka bi bayansa da baƙi, baƙin zai huda ta cikinsa ya mayar da shi wani dauɗaɗɗen kore. Kowane launi kuma da abin da yake so a bayansa: masu ɗaukar ido irin na rigar 'yan kwana-kwana sai da fari suke tashi, masu garai-garai da ake kira kandi suna son ruwan azurfa, mai kama da madubi kuma baƙi yake so. Wannan lissafin na juyi ya fi riƙon alƙalami wuyar shiga kai, kuma gara mutum ya rubuta jerin launukansa a takarda kafin ya buɗe kwalba ko ɗaya.

Ga yadda nake bi. Ana fara wanke cikin bodin da sabulun wanke-wanke da ruwan ɗumi, saboda akwai maiƙon da ke rage daga inda aka gasa shi, fenti ba ya kama wurin da maiƙo yake. Wasu suna bin cikin da soson ƙarfe na roba su ɗan karce shi don fentin ruwa ya sami abin riƙewa, ni ma ina yi, amma ban da gilasai. Sai a manna sitikun rufe gilashi da suka zo da bodin. A waje akwai wata siririyar leda da masana'anta ta lulluɓe shi da ita, a kanta ake zana adon da alƙalamin maka, kuma ba a cire ta sai an gama komai. Daga nan sai gam ɗin rufi, wato gam mai ruwa da ke rufe inda ba a son fenti ya taɓa. Ina amfani da na Bittydesign, wani kamfanin Italiya. Ana shafa shi a ciki da buroshi hawa uku ko huɗu, kowane hawa ya bushe kafin na gaba, gara ma a bar shi ya kwana. In ya yi siriri ba ya ɗagowa gaba ɗaya, sai ka zauna kana tsintarsa da farce. In ya yi kauri daidai, kana ganin zanen makarka ta cikinsa, ka bi layin da wuƙa mai tsini lamba 11, ka ɗage ɓangaren da za ka fesa, ka bar saura.

A nan ne ake gane mai hannu. Wuƙar nauyinta kaɗai ya isa, ba a danna ta. Polikabonet tana da wata ɗabi'a: duk inda aka tsaga mata layi mai zurfi, nan za ta tsage ranar da motar ta yi karo. Da wannan dabarar ce ma ake yanke gefen bodi, a ja layi da wuƙa a lanƙwasa ya ɓalle. Ka ga ke nan mai danna wuƙa a kan harsunan wutar da ya zana a bonet yana shirya wa bodinsa wurin karyewa ne da hannunsa. Reza kuma sabuwa ake sawa kowane bodi, dakusasshiya jan gam ɗin take yi, gefen layin ya fito da gashi-gashi. Salatif na takarda yana da kyau ga miƙaƙƙun layuka, amma a lungun bamba da kwanar mudugad ba ya kwanciya, fenti ya bi ta ƙarƙashinsa.

Fentin da na fi amfani da shi Createx Wicked ne, da ruwan tsinka shi na kamfanin, mai lamba 4012. Ana tsinka shi har ya yi ruwa-ruwa kamar madarar shanu sabuwar tatsa. In ya yi kauri alƙalamin zai riƙa tofi, ɗigo-ɗigo. In ya tsinke da yawa zai watse a kan robar ya yi ƙafafu ta ko'ina, don polikabonet ba ta shan komai, ba takarda ba ce. Hawan farko hazo kawai ake yi masa daga nisan santimita 10 zuwa 15, har ka ɗauka ba ka sa komai ba, a busar da handiraya a kan zafi kaɗan, sannan a ƙara. Ana ɗaga bodin a kalli haske ta cikinsa don a ga inda bai ƙoshi ba. Kuma kada tinar masu fentin mota ko asiton su kusanci bodin, suna dusar da robar su sa ta yi tsage-tsage.

Hannu kuwa a kan robar lemo na horar da shi. Ka yanka babbar roba biyu, ka fesa daga ciki, ka juya ka gani daga waje. Santsinta kusan ɗaya ne da na bodi, kuma ba ka asarar abin da ka jira makonni kafin ya iso. Ƙa'idar yatsa guda ce: iska ta riga fenti fitowa, ta kuma fi shi daɗewa. Ka danna, ka fara tafiyar da hannu, ka ja baya, ka mayar da kunamar gaba, sannan ka saki. Wanda ya saki iska kafin ya rufe fenti zai bar ɗigo a tsinin allura, dannawa ta gaba ɗigon nan ya faɗa tsakiyar aikinsa. Ɗigo-ɗigo, miƙaƙƙen layi, layi mai fara da kauri ya ƙare da tsini, sajewar launi biyu: waɗannan huɗun su ne kusan duk abin da ake buƙata a bodin tsere. Sajewar launi ce ta fi saurin ba mutum lada, kuma ita ce gwangwani ba zai taɓa yi maka da kyau a ɗan ƙaramin wuri ba.

Yanayinmu yana da nasa ra'ayin a kan aikin. Da hunturu fentin ruwa yana bushewa a tsinin allura tun bai fita ba, sai ka ajiye ɗan jiƙaƙƙen soso kusa kana goge tsinin bini-bini, ka kuma ƙara ruwan tsinkawa fiye da yadda masu koyarwa a Turai ke cewa. Robar tana jan ƙura da kanta, musamman bayan an goge ta da busasshen tsumma, kuma duk ƙwayar da ta zauna kafin hawan farko ta zauna ke nan har abada a gaban ido. Ina yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin in fara. Da damina matsalar ta koma cikin tiyo. 'Yar kwalbar tare ruwan da ke jikin kwampreson ba ta isa, domin iskar tana fitowa da ɗumi, sai ta huce a cikin tiyo ta zama ruwa bayan ta riga ta wuce kwalbar. Maganinsa wata ƙaramar matara ce da ake ɗaurawa a gindin alƙalamin, kuɗinta kaɗan ne, ya kamata a ce tana cikin kwalin tun farko. Takunkumi ma babu shi a ciki. Cewa fenti na ruwa ne ba ya nufin huhu zai iya da shi, a nemi mai matata, ba na ƙyalle ba.

Na sami aron alƙalamin feshi Iwata Eclipse HP-CS a wurin wani abokina mai zanen riguna, don in san abin da nake rasawa. Ƙirar Japan ne, bakinsa 0.35, kuma ba shi da zare, zura shi kawai ake yi ya zauna daidai a tsakiya, ga shi da girman da yatsa zai iya riƙewa. Kunamarsa laushi gare ta, fenti yana fara fita a wuri ɗaya kowane lokaci, nawa kuwa sai ka ja ka ja shiru, can ya ɓarko. Wankinsa ma rabin lokaci ne. Bambancin gaskiya ne, ba kuri ba. Amma kuɗinsa shi kaɗai ya fi na saitina gaba ɗaya har da kwampreson, kuma da na jera bodin da na yi da shi kusa da wanda na yi da mai 0.5, daga nisan da ake tsayawa a tuƙa mota babu mai iya bambance su. Tsabtar layin daga wuƙa take zuwa.

Wanda launi ɗaya ko biyu kawai yake so, kuma yana da hanyar samun gwangwanin PS, saitin nan wahala zai ƙara masa, domin kowane canjin launi sai an zubar, an ɗauraye kofi, an fesa ruwa har ya fito fari, a ƙarshen zama kuma a zare allura a goge. Wanda yake son harsunan wuta, inuwa da sajewar launi, ko wanda gwangwani ba ya isowa garinsu, ya saya, amma ya tabbata kwampreson mai tanki ne kuma na wuta 220 ne, don akwai masu 110 da ake yi wa kasuwar Amurka. Ya haɗa odar da allura da baki na 0.5 na sauyi, da matarar ruwa ta gindin alƙalami, da fakitin reza lamba 11. Farin fenti kuma ya ɗauki kwalba biyu, shi ke riga sauran ƙarewa.