Go da gofmt: sun hutar da ni daga haddar jadawali

Da yaren C na fara cin abinci a sana'ar rubuta manhaja. Shi ya sa da na koma Go, yaren da Google ta fitar a 2009, abin da na fara leƙawa shi ne wace alama ke riga wace aiki idan sun haɗu a layi ɗaya.

A C matakan fifikon nan sun kai 15, ba mai riƙe su a ka sai mai shirin jarrabawa. Ga kuma rami a tsakiyar hanya. Ka rubuta a & b == c da nufin a fara haɗa a da b, ita kuwa kwamfuta sai ta fara kwatanta b da c, ta ba ka amsar da ba ka aike ta ba, ko a jikinta. Gado ne daga yaren B, magabacin C, lokacin da babu alamar haɗa sharuɗɗa ta &&, kuma Dennis Ritchie, wanda ya ƙirƙiro C, da kansa ya amsa cewa da an gyara tun farko da ya fi. Abin dariya, Ken Thompson wanda ya ƙirƙiro B ɗin yana cikin mutum uku da suka tsara Go.

Go ta rage matakan zuwa 5, ta sa & a sahu ɗaya da ninki da rabawa, wancan layin ya koma yadda ido ke karanta shi. Amma abin da ya saye ni gofmt ne, kayan gyaran rubutu da ke zuwa da yaren kyauta. Ka buga a * b + c, yana taɓa shi ya zama a*b + c. Tazarar kaɗai ta gaya maka wa aka fara ɗaurewa.

Inda zan ja kunnen duk wanda ya taso daga C shi ne alamar tura lamba hagu, mai ninka ta da biyu a kowane taki: 1 << 2 + 3 a can 32 ne, a Go kuwa 7, don C tana fara tarawar, Go kuwa tana fara turawar. Mai kwafo tsohon aiki ya zuba ba dubawa zai sha mamaki, ko da yake gofmt zai mayar da shi 1<<2 + 3, mai lura ya gane.

Shi gofmt ba ya tambayar ra'ayinka kan salo, wasu abokan aikina har yau suna ƙorafi a kai. Ni ban damu ba. Sai dai duk inda && da || (alamar "ko") suka haɗu ina sa baka biyu da hannuna, don wanda zai gaji aikin ba lallai ya san dokar ba.